Faifan da Kwamfuta Ta Ƙi Gani

Ƙaramar fitilar faifan tana ƙyaftawa, amma kwamfuta ba ta gan shi ba. Abdulmajeed ya zare wayar, ya hura bakinta, ya soka a ramin hagu. Shiru. Ya koma na dama. Shiru. Ya jingina da kujera, ya ji wani sanyi a ransa wanda ya daɗe bai ji irinsa ba.

Faifan ajiya ne baƙi, bai fi tafin hannu ba, irin wanda masu gyara ke kira estanal. A wani taron bita na ma'aikatan gwamnati aka raba su, kowa jaka ɗaya da faifai ɗaya, duk iri ɗaya. A taron nan ya fara ganin Nazeefa. Lokacin ba ta daɗe da fita takabar mijinta Ikrama ba.

Ya aure ta. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa kiran sunan mamacin a gabansa ba. Amma ran Asabar, in ta gama aikin gida, takan soka faifanta a kwamfuta, ta toshe kunne da abin sauraro. Hotunan Ikrama ne a ciki, da bidiyo. Sau ɗaya da ba ta sa abin sauraron ba, ya leƙa ta bayanta. Ya ga mutumin yana tuƙi a hanyar Karshi, yana waƙa da mummunar murya, ita kuma tana dariya har da riƙe ciki. Shi ba ta taɓa yi masa irin wannan dariyar ba.

Da mai rai ne, da ya san yadda zai yi da shi. Wanda ke kabari ba ya tsufa, ba ya dawowa daga ofis a gajiye, ba ya manta cefane.

Shi ma yana da mamacinsa. A nasa faifan akwai muryar mahaifiyarsa Dada, wadda ya ɗauka a rugarsu kafin ta kwanta ciwo. Tana kiran shanu da sunayensu, tana sa masa albarka da Fulatanci. Babu inda muryar nan ta saura a duniya sai nan. Tun rasuwarta ya jefa faifan a aljihun tebur, bai sake buɗewa ba. A ganinsa haka ake yi da matattu.

Kwamfutar Nazeefa ta daɗe tana nauyi. Yau da safe ya ce zai sa wa kwamfutar sabon tsari, wato babbar manhajar da take aiki da ita.

"Bari sai na dawo, Malam," ta ce, tana gyara mayafi. "Akwai abin da nake so in gama a kanta."

Ya ce to. Ta rataya jaka ta tafi aiki. Kwamfutar tana kan tebur, faifai soke a jikinta.

Bai jira ba. Da aikin ya kai inda allon ke tambaya a ina za a zuba sabon tsarin, sai ga wuri biyu: cikin kwamfutar, da faifan waje. Ya san bambancinsu sarai. Ya zaɓi na waje. Allon ya gargaɗe shi cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Ya danna. Aiki ya yi rabi aka ɗauke wuta, batirin kuwa tuni ya mutu. Da wuta ta dawo kwamfutar ta tashi da tsohon tsarinta kamar ba abin da ya faru. Faifan ne kawai ya ɓace mata.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ya sa faifan a aljihu ya nufi Wuse, shagon Ɗanlami mai gyara.

Ɗanlami ya canza waya, ya gwada a tasa kwamfutar, ya shiga can inda ake ganin faifan da ya ƙi fitowa fili.

"Oga, ka yi sa'a, bai mutu ba. Kansa aka goge, shi ya sa ba ta gane shi. Kayan suna ƙasa. Muddin ba a zuba wani abu a kai ba, zan tono maka yawancinsu."

"In aka zuba fa?"

"Shi ke nan. Ko aljani ba zai fito da su ba."

"To cika shi da fina-finai. Ya cika fal. Sannan ka wanke shi tas."

Ɗanlami ya ɗago kai ya dube shi. "Oga, ko neman ka ake yi ne?"

"Yi aikinka."

"Ni dai na faɗa maka, babu dawowa."

Ɗanlami ya yi. Abdulmajeed ya zauna a benci yana kallon layin da ke tafiya a allo, yana jin kamar ƙasa ake turawa a rami. Sau ɗaya zuciyarsa ta ce masa ya tsayar. Ya tuna dariyar nan ta hanyar Karshi, ya bar aikin ya ci gaba.

A mota ya shirya maganarsa. Zai ce ɗauke wuta ne ya jawo. Ya yi iya ƙoƙarinsa, har Wuse ya je. Zai rarrashe ta, zai saya mata sabo. In ta yi kuka, a kafaɗarsa za ta yi.

Bayan la'asar ta shigo. Ya tarye ta da fuskar jaje, ya ajiye faifan a kan tebur, ya faɗi abin da ya shirya bai tsallake komai ba. Ta tsaya tana duban faifan. Ta dubi aljihun tebur. Ya matso don ya riƙe ta.

Ta zuge jakarta, ta fito da wani faifai baƙi mai ɗigon jan farce a gefe.

"Nawa yana jakata tun safe, Malam," ta ce. "Wannan naka ne na ɗauko a aljihun tebur, in kwafe maka muryar Dada kada wata rana ta ɓata."