Diyyar Mai Rai

Da butar ƙarfe Malam Zaharaddini ya fasa wa ɗansa goshi, nan a barandar kotun iyali ta Wad Madani, a ƙasar Sudan, jama'a na kallo. Kamal bai kauce ba. Ya bar jinin ya gangaro masa har haɓa, sannan ya murɗe hannun tsohon ta baya ya ƙara ɗaure igiyar da ya kawo shi da ita. Kwana goma sha tara ke nan suna haka.

Ranar da masu bindiga suka ƙone ƙauyensu can bayan Rusairis, da gindin bindiga aka buge Malam a ƙeya. Maƙwabta suka jefa shi cikin lorin masu rauni. Matan ƙauyen, aka ce, duk sun bi wata motar zuwa Sinnar, don haka Kamal ya sa a ransa ƙanwarsa Raliya na cikinsu. Waya ba ta shiga, sai haƙuri.

Tsohon ya farfaɗo a asibiti babu Larabci ko kalma ɗaya a bakinsa. Bugun ya share shi tas, ya bar masa Hausar kakanni kawai, ita ma a karkace, rabin harshe ya mutu. Kamal kuwa a Madani ya girma, wajen dangin uwarsa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

A ɗakin da Kamal ya kai shi, Malam ya ƙi ruwa. In an miƙa masa kofi sai ya tsiyaye shi a ƙasa a hankali, kamar mai ban ruwan shuka. Ya yaƙushi siminti har farce uku suka cire. Sau huɗu yana ɓallewa ya nufi tashar mota, sau huɗu Kamal na kamo shi. A na uku ya cije shi a kafaɗa har naman ya rabu. A na huɗu ya karya hannun wani maƙwabci da ya tare ƙofa, kuma a ranar ne Kamal ya mari ubansa. Tsohon ya dube shi kawai, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi.

Asibitin masu taɓin hankali suka ce ba za su riƙe shi ba sai da takardar kotu, wadda za ta cire masa ikon kansa ta danƙa wa ɗansa. Ita Kamal ya zo nema.

Alƙali ya dubi igiyar, ya dubi jinin, ya tambayi abin da tsohon ke yawan faɗa.

"Kalma ɗaya nake ganewa, Maulana. Diyyata, diyyata. Safe da rana."

"An kashe masa wani?"

"Babu. Diyyar kansa yake nema. Gani yake ya riga ya mutu."

Malam ya ji kalmar a bakin ɗansa, ya zabura. Ya kifar da benci, ya buga kansa a teburin alƙali, takardu suka watse. 'Yan sanda biyu suka danne shi, ɗaya ya ɗora masa gwiwa a wuya. Kumatunsa na manne da ƙasa yana ta faɗa, muryar ta dushe kamar ta rago a hannun mahauci.

Alƙali ya ɗauki biro. Sai ya ajiye. Ya ce doka ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba, ko da mahaukaci ne. A nemo mai jin Hausa.

Aka shigo da Inna Ma'u, tsohuwar da ke sayar da soyayyar gyaɗa a bakin ƙofar kotu, tana goge gishiri a zanenta.

"Ɗaga mishi ƙafarka, kai kuma," ta ce wa ɗan sandan. "Ubanka ne a haife."

Ta durƙusa, ta kai kunne bakin Malam. "Faɗi, ɗan'uwa. Mi kaka so?"

Ya yi magana doguwa, a tsinke, a tsinke. Ta sa ya maimaita. Sannan ta ɗago, ba alƙali ta duba ba, Kamal ta duba, ta juya harshe zuwa Larabci don ya ji da kyau.

"Yaro, kwana nawa yana faɗa maka wannan?"

"Sha tara, Hajja."

Ta rufe ido.

"Ba diyya yake cewa ba, ɗiya yake cewa, 'yarsa. Ya ce da ya hango masu bindigar tafe ya saka Raliya cikin ramin ajiyar dawa, ya ja murfin ƙarfe ya ɗora dutse a kai, ya ce mata kada ta ji tsoro, yanzu zai dawo ya buɗe."