Muryar Sallau a Hasumiya

Tun da aka kwashe samari zuwa aikin tare teku a kudu, aka hana waya a gidaje. Mai son jin muryar ɗansa sai ya hau hasumiyar sadarwa, ranar da layi ya zo kan unguwarsu.

Tabawa ta hau da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ma'aikaciyar wurin ta miƙa mata kan waya ta ce, "Iya, in fitila ta yi ja, kin gama."

"Sallau, kana lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau, Inna. Aiki da godiya." Ya yi ɗan tarin nan nasa, daidai inda ya yi shi bara.

Ta ce, "Sallau, sai haƙuri. Allah ya yi wa babanka rasuwa, shekaranjiya aka kai shi."

"To madalla, Inna. A gaishe min da Baba."

Nan ta gane naɗaɗɗiyar murya ake saka mata. Tun fitila ba ta yi ja ba, ta ajiye wayar. A matakala maƙwabciyarta Lantana ta tare ta. "Ya yaron?"

Tabawa ta dubi layin iyaye mata har bakin titi, kowace ta ci ado.

Ta ce, "Lafiya lau. Yana gaishe ku."