Ƙato-Bayan-Ƙato a Plumstead

Ƙuri'a ashirin da ɗaya, ashirin da ɗaya. Karo na biyu ke nan fa, kwalar rigar Obadiah ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ka dai san reshen jam'iyyarsu na London, shekara biyu a rabe: 'yan Obadiah da 'yan Alhaji Issahaku, ko gaisawa ba a yi. Wanda ya ci yau shi ne chairman, shi zai je Abuja kaɗa ƙuri'ar fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Obadiah kuwa tuni ya sanar da dangi a Jos wai yana tafe. Kuma ƙato-bayan-ƙato ake yi, ka tsaya bayan naka kowa na ganinka.

Abin da ke cin ransa, dokar da shi da kansa ya cusa a constitution. Wai ya karanta yadda wata jam'iyya a Amurka, tun alif ɗari takwas da wani abu, sai da ta kaɗa ƙuri'a sama da sau talatin kafin ta fid da gwani. Ya ce su ba za su sha wannan wahalar ba: in an yi kunnen doki sau uku, 'yan takarar duka biyun sun fita, a kawo sabon mutum.

Ya ruga kitchen. Mata ashirin da huɗu ne a ciki, duk masu katin jam'iyya, amma wa ya taɓa ƙirga su? Kullum suna kan abinci har a tashi taro. Ƙofa a rufe. Matarsa Kachollom ta leƙo, ta sha ɗaurin ɗankwalinta na Lahadi.

"Maman Nanret, don Allah mutum ɗaya ki ba ni. Ɗaya tak!"

"Baban Nanret, shinkafa na kan wuta. So kake ta ƙone?"

"Ta ƙone mana!"

"Je ka, muna tafe."

A corridor ya yi kiciɓis da Alhaji, waya a kunne, yana roƙon matarsa Hajiya Zarah ta fito. Kowa ya kau da kai.

Mai kula da hall ɗin na nuna agogo, booking ƙarfe biyar zai ƙare. Sakatare Hosea ya ce a ja layi. Obadiah ya tsaya, idonsa ƙur a ƙofar kitchen.

Ashirin da ɗaya. Ashirin da ɗaya.

Maza arba'in da biyu suka tsaya kallon-kallo, an rasa suna ɗaya da za su yarda a kai.

Sai a lokacin ƙofar ta buɗe. Babu tire, babu kula, ko ƙamshin albasa babu, ashe tun safe ba a kunna cooker ba. Hajiya Zarah ta miƙa wa Hosea fom ɗin takara mai kwanan watan mako uku da suka wuce, sannan matan duka suka jeru ƙyam bayan Kachollom.

To in kai ne Obadiah, mota ɗaya za ku koma gida Barking da Madam Chairman, me za ka fara ce mata?