Turmin Auta

Makanikin ya fi ƙarfin awa yana zagaya gari da 'yarsa Auta a bayan mota, ta dafe kumatu tana ƙugi. Asibitin haƙori na farko a rufe yake. Na biyu suka ce likitansu ya yi tafiya, suka kwatanta masa na bakin kasuwa, wai likitar can ta fi kowa iya yara. Ya yi godiya da baki kawai. Duk faɗin garin, nan ne kaɗai ba ya so ya taka.

Laifinsa ne, ya sani. Kullum idan ya ɗauko Auta daga makaranta sai sun tsaya shagon kwana, alewa biyu da cingam, bisa sharaɗin uwarta ba za ta ji ba. Da safe kuma uwar kan riga su fita, ta bar masa goge bakin yarinya. Shi kuwa gogan, da Auta ta ɓata fuska sai ya jiƙa buroshin a famfo ya mayar cikin kofi, don mai dubawa ta ga shaida.

Da ciwon ya fara ya gwada ruwan gishiri, ya gwada kanumfari a ɓoye. Yau kumatu ya tashi, Auta na kuka kada a cire mata haƙori, shi kuma ya yi mata alkawarin ba za a cire ba. An gudu ba a tsira ba.

Nas ɗin da ke bakin ƙofa ba ta tambaye shi kati ba. Ta dube shi, ta dubi kumatun Auta, ta toshe baki tana dariya ta shige ciki. Auta kuwa ba ta jira a nuna mata ɗaki ba, ta haye kujerar ta wage baki.

Likitar ta ja takunkumi, ta kunna fitila, ta daɗe tana leƙen turmin haƙorin. Makanikin na tsaye jikin bango yana murza hula kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Malam, wannan kogon ba na jiya ba ne," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Mota kana canza mata mai a kan lokaci, ko? Haƙori ba shi da kayan gyara a kasuwa. Da an ƙara sati, sai cirewa."

"Wallahi, Likita, ana gogewa."

"Buroshi dai ana jiƙa shi. Man goge bakin ne ya ƙi ƙarewa."

Kunya ta rufe shi.

Ta wanke kogon ta cike shi, hannunta a hankali, tana lallashin yarinyar. Haƙori ya tsira. Makanikin ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara lallaɓawa wajen ƙofa.

"Tsaya tukuna," in ji likitar tana cire safar hannu. "Wa ke saya mata alewa?"

Auta ta tofar da auduga, ta riƙo gefen farar rigar likitar.

"Mama, kar ki yi wa Baba faɗa, ai rabi yake ba ni, shi yake shanye sauran."