Mai Hoton Rago

Ku 'yan zamani, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Tuwo ya sauka kun ɗauka, baƙo bai gama sallama ba kun haska masa ido. Hoto dubu a aljihu, amma a ce ku nuna ɗaya da za a rataya a bango, sai ku yi ta murza gilashi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hannunku ya riga idonku, ciwon ke nan.

A zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, an yi wani saurayi mai hoto a wani gari. Mutumin kirki ne, ga fara'a, sai dai yatsansa ba ya zama wuri ɗaya. Fim guda hoto talatin da shida yake ci, in ya ƙare ya ƙare, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai birni an wanko. Tsofaffin masu sana'ar sukan ce in biyar suka fita da kyau a cikin talatin da shida, ka gode wa Allah. Shi ya sa suke jira, su duba inda rana take, su gyara wa mutum zama, kafin su danna. Shi kuwa sai ya juya maganar: tunda kaɗan ke fita, a yi ta dannawa, na kirki zai faɗo a ciki.

Ana gab da Babbar Sallah, wata mata da ke aure a Damagaram ta zo ganin gida bayan shekara shida. Mahaifinta tsohon maƙeri ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, yakan ce fuskar da Allah ya sani ta ishe shi. Kwana uku tana lallashi kafin ya ce to, sau ɗaya, bayan la'asar, don ta nuna wa 'ya'yanta kakansu. Ranar jajibere aka kira mai hoto. Ya zo tun azahar da fim ɗaya tak, wani kuwa sai an je birni. Ya ga ragon layya an wanke shi fes, ya danna. Yara na tsalle, ya danna. Mata na daka, kaza ta gilma, duk bai bari ba. Da tsoho ya fito cikin farar babbar riga ya zauna a buzu, 'yarsa ta durƙusa a gefensa, mai hoto ya murɗa fim, ya ji ya cije. Ya ƙare. Gumi ya karyo masa, kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Sai ya ɗaga kyamara ya ce, "Baba, a ɗan ɗago kai," ya haska wuta a banza, ya ce, "Ya yi!"

Tsoho ya ce, "Shi ke nan? Ashe ma ba zafi."

Sallah da kwana biyu matar ta koma, ta bar saƙo a ba direban motar Damagaram hoton ya kai mata. Bayan mako hotuna suka dawo daga wanki. Wannan an yanke masa kai, waccan ta rufe ido, yara kamar hayaƙi. Guda ɗaya ne ya fita tangaran: rago, ya zuba wa kyamara ido kamar ango. Saurayin ya daina bin layin maƙera. Amma ranar da direba ya zo karɓar saƙo, ya ga ba mafaka. Ya je ya tsuguna gaban tsoho, ya baje hotunan, ya faɗi gaskiya.

Tsoho ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan rago ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, wanda muka cinye ya sami hoto, ni da ke raye ban samu ba?" Sannan ya ɗaure fuska. "'Yata na yi wa alkawari, ba kai ba. Zan yarda a sake. Amma danna ɗaya za ka yi, kuma ba yau ba. Sai ka koyi kallo."

Kullum da safe mai hoto ya zo maƙera, kyamara a wuya, yana hura wuta da zugazugi, yatsa na yi masa ƙaiƙayi. A nan ya lura hantsi ne ke shigo da haske ta ƙofa, kuma tsoho ba ya sakin fuska sai fartanya ta fito yadda yake so. Rana ta bakwai tsoho ya ɗaga wata fartanya, ya dube ta, ya yi murmushi, haske na kan gemunsa. Saurayi ya danna, sau ɗaya. Da aka wanko, duk wanda ya gani sai ya gaishe da hoton.

Da kansa ya kai shi Damagaram, kwana biyu a bayan mota a kan buhunan dawa. Matar ta daɗe tana kallo, ta share ido da mayafi, ta ce, "Baba ne sak. To ni ina nake?" Ya ba ta labarin abin da ya faru, ya nemi gafara. Ta yafe masa, har ta ba shi fura. Gari kuwa bai manta ba. Ya ƙware, ya zama shi ake nema a kowane biki, amma har gemunsa ya yi fari, har jikokinsa, ba mai kiransa da wani suna sai Mai Hoton Rago.

Gaskiyar Hausawa ce: da haihuwar yuyuyu, gara ɗaya ƙwaƙƙwara.