Maganin Tarin Jikar Goggo

Goggo mai saiwa ta jingina da kantar kemis, jikarta goye a bayanta tana ta tari.

Shekara ashirin tana haƙo saiwar tari tana sayarwa. Bana wani kamfani ya saye dajin ya zagaye shi da waya, ko ganye ba ta isa ta tsinka ba.

"Ga mai kyau, Goggo, na gargajiya ne zalla," in ji mai kemis.

Da ya faɗi kuɗin, sai ta ajiye kwalbar a hankali.

"Babu ƙarama, ɗan nan?"

"Wallahi babu."

Zai mayar da kwalbar ke nan sai ya tsaya. Ya dubi hoton jikinta, ya dubi tsohuwar.

"Goggo, wannan mai murmushin ba ke ba ce?"