Barkono a Kwanon Gawayi

Tun ranar da ɓarayi suka fasa shagon Kafinta suka ɗauke injin yankan katako, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Abin da ke cin ransa ke nan: wanda ya shiga shago yau, gobe ɗaki zai shiga. Ya ƙudurta sai ya samu karen gadi.

Aka yi dace karyar maƙwabcinsa Mai Walda ta haihu a ƙarƙashin wata matacciyar mota. Kafinta ya je ya tsuguna, ya zaɓi wani baƙi mai farin ƙirji.

"Wannan nawa ne. Yau zan tafi da shi."

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa. "Maƙwabci, satinsa uku fa. Ka bar shi ya cika wata biyu. Nan gaba kaɗan zan fara jiƙa musu abinci mai ruwa-ruwa, suna lasa suna komawa nono, har cikinsu ya saba."

"Ɓarayin za su jira ni wata biyu ne?"

"To shi wannan me zai yi wa ɓarawo? Ya tsotse masa yatsa?"

Suka yi dariya, amma Kafinta bai ji shawarar ba. Ya sa ɗan kwikwiyon a kwali ya kawo gida.

Yana da 'ya mai shekara takwas, ana ce mata 'Yar Baba, don kullum tana shago tana miƙa masa ƙusa. Ita ta shimfiɗa wa kwikwiyon tsumma a kan dusar katako, ta raɗa masa suna Gawayi. Wuni guda yana kuka yana lalubar nono a tafin hannunta. Uwar yarinyar ta ce a mayar da shi. Kafinta ya ce zai saba.

Washegari wani tsohon mai gadi ya kawo gyaran benci, ya leƙa kwalin. "Karen gadi ba a shagwaɓa shi," in ji shi. "Ka zuba masa barkono a abinci, ka ba shi ƙashi. Tun yana ƙarami zai yi zafi."

Maganar ta yi wa Kafinta daɗi, don ita yake son ji. Ya haɗa busasshiyar shinkafar jiya da ƙashin kaza da garin barkono. Gawayi ba ya karɓar komai sai daga hannun 'Yar Baba, saboda haka ita ya miƙa wa kwanon.

"Baba, ba ya iya taunawa. Dubi haƙoransa, 'yan mitsi-mitsi."

"Ke kin fi ni sanin kare? Tura masa a baki."

Yarinya ce da ba ta musu da ubanta. Safe da yamma tana tura masa, yana atishawa, tana shafa kansa tana ba shi haƙuri.

A rana ta huɗu cikinsa ya kumbura, ga amai ga gudawa har da jini. Kafinta ya ruga da shi wurin uwarsa, 'Yar Baba na biye da shi. Karyar ta shinshina shi, ta lashe shi, ta kwanta masa, amma ko kama nonon ya kasa. Mai Walda ya nuna musu hanyar likitan dabbobi.

Likita ya taɓa cikin, ya buɗe bakin, ya girgiza kai. "Hanjin wannan nono kaɗai ya sani. Wa ya ba shi ƙashi da yaji?"

Kunya ta rufe Kafinta, ya sunkuyar da kai. Can sai 'Yar Baba ta ce a hankali, "Ni ce."

Kafinta ya ji ta. Bai gyara maganar ba. Kafin su bar wurin, Gawayi ya mutu a cinyarta.

Bayan sati biyu Kafinta yana shago ya jiyo muryar matarsa ta bayan bango. Ƙanin yarinyar ya kai wata bakwai, an fara ba shi abinci mai laushi.

"Zo ki riƙe cokalin nan ki ba ƙaninki, in sauke tukunya."

"Mama, ki ba shi da kanki. Hannuna ba shi da kyau. Kar shi ma ya mutu."

Gudumar da ke hannun Kafinta ta suɓuce. Ya shiga ya same ta ta ɓoye hannuwa a baya. Ya durƙusa a gabanta.

"Uwata, ba ke ba ce. Ni na raba shi da uwarsa, ni na haɗa abincin. Kin gaya mini gaskiya, na ƙi ji."

Ta dube shi. "To me ya sa ba ka gaya wa likita ba?"

Kafinta ya miƙe ya fita. Ya sa sabon kwaɗo a ƙofar shago, ɓarayi ba su dawo ba. Ita ma 'Yar Baba ba ta sake zuwa miƙa masa ƙusa ba.

'Yan'uwa iyaye, ɗan dabba ma jariri ne. Kada a raba shi da nono kafin lokaci, a yaye shi a hankali da abinci mai laushi, a tambayi masani ba mai wucewa ba. In kuma mun yi kuskure, mu ɗauki laifinmu nan take, kada mu bar yaro ya ɗauka mana.